Zazzaɓin da Ya Ƙi Jin Magani: Nasiha ga 'Yata Likita

Labari ya iske ni cewa an mayar da ke ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su gargara. Na yi miki murna, na kuma yi miki addu'a. Abubuwan da za su cika miki ido a makonnin farko na san su: injin numfashi, jinin da ya faɗi ya ƙi tashi, ƙodar da ta daina yin fitsari. Duk za a koya miki su, kuma su da kansu za su riƙa kiranki da ƙararrawa dare da rana. Wanda nake so in ja hankalinki gare shi ba ya da ƙararrawa. Ina nufin fangas, idan ya shiga jini ko ya kama huhu ko ƙwaƙwalwar majinyacin da ya riga ya galabaita.

Mutanenmu a fata suka san fangas. Sun san makero a kan yara, sun san ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa, sun san farin abin nan da ke shimfiɗa a harshen jariri. Shi ya sa har mu likitoci muke yi masa kallon ƙaramin ciwo, na man shafawa. To, wanda ya ratsa cikin jiki ba haka yake ba. Cikin majinyata goma da aka samu Kandida a jininsu, uku zuwa biyar ba sa fita asibiti da ƙafarsu, kuma a ɗaki irin naki abin ya fi karkata ga biyar ɗin. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin nau'o'in fangas 19 da ta ce a sa musu ido, ta ware huɗu a sahun gaba: Kandida albikans, Kandida auris, Asfajilas fumigatas da Kiriftokokas niyofomans. Duk huɗun suna iya zuwa gadon da kike tsaye a kansa.

Abin da nake so ki riƙe kafin sunan kowane magani shi ne yadda ciwon ke samun shiga. Kandida ba baƙo ba ne. Yana nan a bakin masu lafiya da yawa, da hanjinsu, da fatarsu, yana zaune lafiya ba ya cutar da kowa. Abin da ke tsare shi fata ce, da bangon hanji, da bakteriya masu amfani da suke cin wuri ɗaya da shi, da fararen ƙwayoyin jini. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ɗakin kulawa ta musamman, 'yata, mu ne muke tsaga bangon da hannunmu, kuma dole ce ta sa mu. Mu muke huda fata mu zura roba a babbar jijiyar wuya ko ta cinya. Mu muke ba da antibayotik masu faɗi har su share bakteriyar hanji su bar wa Kandida fili. Mu muke buɗe ciki a tiyata, mu ba da abinci ta jijiya, mu yi wankin ƙoda, mu yi allurar desametason. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake laifi, da su ake ceton rai. Sai dai tunda mu muka buɗe ƙofar, gadinta ya zama amana a wuyanmu. Duk sauran maganata a kan wannan take.

Za ki sha ganin majinyaci irin wannan a ƙasarmu: matashi ne, taifod ta huda masa hanji, an kawo shi a makare, an yi tiyata an ɗinke. Bayan kwanaki ɗinkin ya zare, an sake komawa ciki. Yanzu ya shiga mako na biyu, roba a wuya, roba a mafitsara, an ɗaga shi daga wannan antibayotik zuwa wanda ya fi shi ƙarfi, zazzaɓi kuma ya ƙi sauka. Abin da aka saba yi a nan kin san shi. A sake gwajin maleriya, a sake maganinta ko da gwajin bai nuna ba, a ƙara wani antibayotik a kan na da. Ba na hana ki neman maleriya, ƙasarta ce. Roƙona shi ne duk majinyacin da ya kwana huɗu ko biyar a kan antibayotik masu ƙarfi jikinsa bai yi sauƙi ba, ga ƙofofin nan a buɗe, ki furta tambayar da bakinki a zagayen safe: anya ba fangas ba ne? Ko ke ce ƙarama a wurin ki faɗa, cikin ladabi. Yawancin waɗanda ciwon nan ya ci, ba rashin magani a duniya ba ne ya ci su. Ba a kawo shi a rai ba ne sai da lokaci ya ƙure.

Ba ya da alamar kansa. Zazzaɓinsa irin na bakteriya ne, faɗuwar jininsa ma haka. Wani lokaci ƙananan ƙuraje za su fito a fata, ko majinyacin da ke iya magana ya ce idonsa ya yi hazo, amma kada ki zauna jiransu. Abin dogaro shi ne a ɗebi jini a shuka a kwalbar gwaji a ga abin da zai tsiro. Ki ɗiba kafin a fara magani, ki cika kwalbar yadda ya kamata, mililita 8 zuwa 10 ga baligi, kuma daga wuri biyu aƙalla. Sannan ki san iyakar gwajin. Kusan rabin masu ɗauke da Kandida a cikin jiki jininsu ba ya tsirar da komai, musamman idan ciwon ya taru a cikin ciki ne. Wanda zai tsiro ma yakan ɗauki kwana biyu ko uku. Saboda haka takardar da ta dawo babu komai ba ta wanke majinyaci ba. Inda ake da gwajin bita-gulukan, amfaninsa ya fi yawa idan ya fito babu, domin yana ba ki ƙwarin gwiwar dakatar da magani. Idan ya fito akwai, ki haɗa shi da abin da idonki ya gani, don abubuwa da dama na iya ɗaga shi ba tare da fangas ba.

Ki saba da mutanen ɗakin gwaji. Ki taka da ƙafarki ki je, ki gaishe su, ki san sunan wanda ke duba kwalaben jini. Wanda ya san fuskarki shi ne zai ɗaga waya da tsakar dare ya ce miki ya ga yis, wato ƙwaya irin Kandida, a kwalbar gado kaza, maimakon ya rubuta ya ajiye sai safiyar Litinin. Bincike ya sha nuna cewa kowace rana da aka ƙara kafin fara magani tana ƙara yawan masu mutuwa. Wannan kiran wayar ya fi wata na'ura mai tsada amfani.

Idan kiran ya zo, ga hukuncin da ba ya da sassauci: Kandida a jini ciwo ne, ko da a kwalba ɗaya ya fito, ko da zazzaɓin ya sauka, ko da majinyacin yana zaune yana shan kunu. Kada ki yarda a ce miki dattin fata ne ya shiga kwalba. Ana faɗin haka a kan wasu bakteriya, ba a faɗinsa a kan Kandida.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda matasa masu himma suka fi faɗawa. Kandidan da aka samu a majinar da aka zuƙo daga robar numfashi kusan kullum zama kawai yake yi a wurin, ba shi ke cin huhu ba, kuma ba a ba shi magani. Wanda aka samu a fitsarin mai robar fitsari, shi ma mafi yawa robar yake bi. Ki cire ta ko ki sauya, ki sake gwaji. Sai idan akwai alamun ciwo, ko za a yi aiki a hanyar fitsari, ko majinyacin fararen ƙwayoyin jininsa sun ƙare, ko jariri ne bakwaini mai ƙarancin nauyi ƙwarai, sannan ake magani. Abin da waɗannan sakamakon suke gaya miki shi ne Kandida ya yawaita a jikin mutumin, ki ƙara sa ido. A 2016 aka buga wani bincike daga Faransa, a kan majinyata kimanin 260 da ke kan injin numfashi, ga zazzaɓi, ga Kandida a majina ko fata ko fitsari, amma babu shaidar ya shiga jini. An ba rabinsu maganin fangas mai suna mikafanjin, rabi ba a ba su ba. Bayan kwana 28 babu wani bambancin kirki a yawan waɗanda suka rayu. Darasin da na ɗauka a nan ba wai a daina fara magani bisa zato ba ne. A zaɓi wanda za a fara wa. Wanda jininsa ya faɗi ana riƙe shi da magani, hanjinsa ya yoyo ko an buɗe cikinsa fiye da sau ɗaya, babu wani dalili da ya bayyana, wannan ki ɗebi jini ki fara, kada ki jira takarda. Amma ranar da kika fara, ki rubuta ranar da za ki sake dubawa. Idan kwana huɗu ko biyar suka wuce babu canji, gwaji kuma bai nuna komai ba, ki dakatar ki nemi ciwon a wani wuri.

Yanzu maganin kansa. Ga majinyacin da ke cikin mawuyacin hali, abin da aka fi amincewa a fara da shi dangin ekinokandin ne, waɗanda suka fara fitowa a 2001 da kasfofanjin. Suna rushe bangon ƙwayar fangas, abin da jikin ɗan Adam ba shi da irinsa, shi ya sa ba su cika wahalar da majinyaci ba, kuma ba sai an rage su don ƙoda ba. Kasfofanjin miligiram 70 ne ranar farko sannan 50 kullum. Mikafanjin 100 ne kullum. Anidulafanjin 200 ne sannan 100. Rauninsu shi ne ba su isa ido da ƙwaƙwalwa da fitsari yadda ya kamata, don haka idan ciwon ya sauka a ɗaya daga cikin wuraren nan sai a sauya.

Na san abin da za ki ce, Baba ina za mu same su? Gaskiyarki. A yawancin asibitocinmu abin da ke kan kanta fulukonazol ne, kuma ba abin rainawa ba ne idan an san inda ƙarfinsa ya tsaya. Yana aiki sosai a kan Kandida albikans, yana shiga ido da ƙwaƙwalwa da fitsari, na sha da na jijiya kusan ƙarfinsu ɗaya. Kuskuren da na fi gani shi ne a ba da shi da tsoro, miligiram 150 ko 200 irin na ƙaiƙayin mata. Ga ciwon jini, 800 ake farawa da shi, wato 12 ga kowane kilo, sannan 400 kullum. Idan ƙoda ta yi rauni a rage na kullum, amma na farkon a ba da shi cikakke. Sai ki matsa wa ɗakin gwaji su faɗa miki wane irin Kandida ne, domin Kandida kurusei ba ya jin fulukonazol tun asali, gilabrata kuwa da ƙyar yake ji. Ko farafsilosis, wanda a da ake ganin yana da sauƙi, a Afirka ta Kudu an taɓa gwada wanda aka tattara daga jinin majinyata aka tarar fiye da rabinsa ya daina ji. Wanda ya sha fulukonazol a 'yan makonnin baya, kada ki dogara da shi a kansa. Inda kuma aka yi sa'a aka fara da ekinokandin, majinyaci ya farfaɗo, jini ya tsarkaka, aka tabbatar ƙwayar tana jin fulukonazol, to bayan kwana biyar zuwa bakwai a sauko zuwa gare shi. Sauƙi ne ga majinyaci da aljihun iyalinsa.

Sai dai ki ji ni da kyau a nan, domin nan ne aka fi yin asara. Magani ba ya gama aiki matuƙar mafarin ciwon yana nan. Kandida yana manne wa roba ya yi mata wani yauƙi da ke kare shi daga magani. Robar wuyan da aka bari don jijiyoyin hannu sun ɓuya, ko don babu kuɗin sabuwa, ita ce ke ta zuba ƙwayar cikin jini kina ta zuba magani a bayanta. Ki cire ta da zarar ya yiwu, ki sa sabuwa a wani wurin daban. Idan ruwan mugunya ya taru a ciki, ki je ki sami likitan tiyata ki zauna da shi, a zuƙe ko a sake buɗewa. Na ga iyalan da suka sayar da gona suka sayi maganin mako biyu, alhali abin da majinyacin yake bukata da farko a fitar masa da mugunyar da ke ƙarƙashin hanta.

Lissafin kwanaki ma yana da ƙa'ida. Ki riƙa sake shuka jini kullum ko bayan kwana bibbiyu har ya fito babu komai. Daga wannan ranar ake fara ƙirga kwana 14, ba daga ranar da aka fara magani ba. A cikin makon farko ki nemi likitan ido ya leƙa bayan idon, don Kandida kan sauka can a ɓoye, kuma wanda ke kan injin numfashi ba zai iya ce miki ganinsa ya ragu ba. Idan jini ya ƙi tsarkaka duk da an cire roba, ki nemi hoton zuciya, ki duba jijiyar da robar ta zauna ko jini ya daskare a ciki, ki duba hanta da saifa. Duk inda ya yi gida, magani ya koma na makonni da yawa.

Zan ɗan daɗe a kan amfoterisin B, domin shi ne za ki fi komawa gare shi idan fulukonazol ya gaza kuma babu ekinokandin. Tsohon magani ne, a 1955 aka samo shi daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar da aka ɗebo a yankin kogin Orinoko na Benezuwela, kuma har yau kaɗan ne fangas ɗin da ke tsere masa. Matasa da yawa suna tsoronsa saboda yana taɓa ƙoda, yana zubar da fotasiyam da maganiziyam, yana sa rawar ɗari mai tsanani, yana rage jini. Duk gaskiya ne, amma mafi yawan wannan ana iya rage shi da kulawa. Kafin kowane ƙari, a ba baligi lita ɗaya ta ruwan gishiri idan zuciyarsa da huhunsa za su ɗauka. Shi maganin a ruwan sukari mai kashi 5 ake haɗa shi, ba a taɓa haɗa shi a ruwan gishiri, don gudaji yake yi. A bar shi ya sauka a hankali, awa huɗu ko fiye. A ba da fotasiyam tun kafin ya faɗi, a riƙa gwada ƙoda aƙalla sau biyu a mako, a janye jentamaisin da dikulofenak da duk abin da zai ƙara wa ƙodar nauyi. Akwai kuma abin da nake so ki tsaya a kansa da kanki, ke da nas da mai ba da magani. Amfoterisin iri biyu ne a kasuwa. Tsohon, miligiram 0.7 zuwa 1 ne ga kowane kilo, ba a wuce 1.5 ko ta halin ƙaƙa. Sabon da aka lulluɓe da maiƙo, wanda ya fi sauƙi ga ƙoda, 3 zuwa 5 ake bayarwa, wani lokaci har 10. Idan aka ɗauki ma'aunin sabon aka auna tsohon da shi, zuciya na iya tsayawa. Ki rubuta cikakken sunan wanda kike nufi, ki ga kwalbar da idonki kafin a rataya.

Kandida auris kuwa sabon al'amari ne da mu ba mu taso da shi ba. A 2009 aka fara bayyana shi a Japan, daga kunnen wata majinyaciya, yanzu ya bazu nahiyoyi, ya yi ƙarfi a Indiya da Afirka ta Kudu da Kenya, an kuma same shi a Najeriya. Mafi yawansa ba ya jin fulukonazol, wani kaso ba ya jin amfoterisin, kuma tsofaffin hanyoyin gwaji sukan ba shi sunan wani Kandida daban. Abin da ya raba shi da 'yan uwansa shi ne yana yaɗuwa daga gado zuwa gado. Yana yin makonni a ƙarfen gado da katifa da kayan awo. A wani asibiti a Oksfod ta Ingila an bi sawun ɓarkewarsa har aka gano ma'aunin zafin jiki ne da ake sa wa majinyata a hammata, ana ɗauka daga wannan a kai wa wancan. Idan kika ga majinyata biyu ko uku a jere da Kandidan da ya ƙi jin fulukonazol, ki sanar da manyanki, a keɓe su, a raba musu kayan awo, a goge ɗakin da sinadarin kulorin, domin ba kowane ruwan goge-goge ke kashe shi ba. Wankin hannu kuwa, ki zama ke ce ake gani kina yi kafin ki ce wani ya yi.

Dangin funfuna ta iska suke shiga. Asfajilas yana cikin ƙura da ruɓaɓɓen ganye da hatsin da ya jiƙe a rumbu, kowa yana shaƙarsa kullum, mai lafiya ba ya ko sani. A da muna ɗaukarsa ciwon masu sankarar jini ne da waɗanda aka yi wa dashen gaɓa. Sai binciken da aka buga a 2018 daga Beljiyam da Holan ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda mura mai tsanani ta kai ɗakin kulawa ta musamman ya kama musu huhu, korona ma ta zo ta maimaita darasin. Saboda haka mai ciwon huhun da ya ƙi jin antibayotik bayan mura ko korona, ko mai tsohon ciwon huhu da ya daɗe a kan sitirod, ki kawo shi a rai. Maganinsa na farko borikonazol ne, tun gwajin 2002 da ya nuna kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka ba shi suna raye bayan mako 12, a kan 58 na amfoterisin. Fulukonazol ba ya taɓa shi ko kaɗan. Abin da ya shafe mu musamman shi ne rifamfisin na maganin tarin fuka yana sa hanta ta ƙone borikonazol har ya zama kamar ba a ba da shi ba, don haka ba a haɗa su. Idan kuma ana gini ko rushe bango kusa da ɗakinku, ki nemi a toshe hanyar ƙurar.

Na biyunsu shi ne mukomaikosis, wanda duniya ta ji sunansa a 2021 lokacin da Indiya ta ƙirga fiye da mutum 40,000 cikin 'yan watanni. Abin da ya haɗu a can ciwon sukari ne da ba a riƙe ba, da korona, da sitirod da aka bayar fiye da kima. Biyu daga cikin ukun nan muna da su a yalwace. Ki riƙa tambayar abin da majinyaci ke saya a kemis da kansa, har da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, don sau da yawa desametason ne, kuma mutane ba sa ƙirga su a cikin magani. Mai ciwon sukari da ya zo da ciwon gefen fuska ɗaya, ko kumburin ido, ko hanci na fitar da baƙin abu, ki haska hancinsa da ganɗarsa a ranar. Idan kin ga baƙin tabo, wannan aikin awoyi ne ba na kwanaki ba: amfoterisin mai maiƙo miligiram 5 ga kilo ko fiye, a daidaita sukari, a kira likitan hanci da maƙogwaro ya yanke naman da ya mutu. Borikonazol ba ya aiki a kansa, kuma magani ba ya isa inda jini ya daina zuwa.

Kiriftokokas shi ne wanda nahiyarmu ta fi ɗaukar nauyinsa, domin shi ke kawo sanƙarau ga masu ƙanjamau da garkuwarsu ta yi ƙasa ƙwarai, yana kashe fiye da mutum 100,000 a shekara a duniya, mafi yawansu a Afirka. Duk wanda aka kawo miki da ciwon kai na makonni da ruɗewa, ki yi masa gwajin ƙanjamau, ki nemi ɗan tsinken gwajin Kiriftokokas, mintuna kaɗan yake ɗauka. A nan akwai abin farin ciki, kuma daga Afirka ya fito. Gwajin da aka yi a Botswana da Malawi da Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe, aka buga a 2022, ya nuna ƙarin amfoterisin mai maiƙo sau ɗaya tak, miligiram 10 ga kilo, tare da fulusitosin da fulukonazol na kwana 14, bai gaza maganin mako guda na da ba, kuma ya fi shi sauƙi ga jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓe shi a shekarar. Abu biyu kada ki manta: ruwan laka yakan taru ya matse ƙwaƙwalwa, zuƙe shi akai-akai yana ceton rai da gani, sannan ba a gaggauta fara maganin ƙanjamau sai bayan mako huɗu zuwa shida.

Saura iyalin majinyaci, waɗanda ke kwana a baranda suna jiran ki fito. A wurinmu su ne ke biya, kuma magungunan nan suna cikin mafi tsada da za ki taɓa rubutawa. Kada ki miƙa musu takarda ta taga ki juya. Ki nemi babbansu ki zaunar da shi, ki ce masa Baba ko Kawu yadda shekarunsa suka kai, ki gaya masa cikin Hausar da zai gane cewa wata ƙwayar cuta ce daban da wadda ake yi wa magani, ta samu shiga ne saboda jikin ya yi rauni. Ki faɗa masa kwana nawa maganin zai ɗauka da jimillar kuɗinsa tun daga farko, don kada su kashe duk abin da suka tara a kwana uku a tsaya a tsakiya. Idan mafi kyawun ya fi ƙarfinsu, ki zaɓi wanda za su iya kaiwa ƙarshe, ki ba da shi a cikakken ma'auni, ki ƙara kulawa. Idan sun tambaye ki ko a asibiti ya kamu, kada ki ɓoye. Gaskiyar da aka faɗa da tausayi ba ta cika jawo rigima ba.

Akwai ɗan aikin da nake so ki fara tun wannan watan. Ki sami littafi ki ajiye a ɗakin. Duk majinyacin da aka samu fangas a jininsa ko ruwan cikinsa ko ruwan lakarsa, ki rubuta irin ƙwayar, da kwanakin da robar wuya ta yi a jikinsa, da antibayotik ɗin da ya sha, da awoyin da suka wuce kafin a fara magani, da yadda aka ƙare. Alƙaluman da na kawo miki daga Faransa da Ingila da Beljiyam da Holan da Indiya da wasu ƙasashen Afirka suke, ba daga ɗakinku ba. Idan shekara ta zagayo za ki san wane Kandida ne ya fi yawa a ɗakinku, kuma ko fulukonazol yana ci har yanzu. Da wannan littafin za ki shiga ofishin shugaban asibiti ki nemi a ajiye ekinokandin da amfoterisin mai maiƙo a kantin magani, ko da na majinyata biyu ne, tun kafin a bukace su.